Rumfar Ɗanlami a Gindin Tsamiya

Litinin, farkon Nuwamba, bayan la'asar

Takardar izini ta fito daga meri, ofishin magajin garin Damagaram, fuwar ta bana, wato kasuwar baje kolinmu, ta tabbata ke nan. Alhaji Mai Nasara, shugaban reshenmu na ƙungiyar masu baje koli, ya tara mu a biro, ofishin reshe, ya karanta mana ita sau biyu, na biyun don ya ji daɗin muryarsa ne kawai. Asabar ɗin ƙarshen wata za a buɗe. Aka raba aiki yadda aka saba, wasu su nemo hayar gurup, injin da zai ba mu kuran, wato wutar lantarki, wasu su ji da masu gadi da tankin ruwa. Da ya zo kaina bai ma ɗago ba, ya ce Mahamud baduku da tokarsa. Rabon fili ke nan, aikin da ba a gama shi sai an ɓata da wani.

Kafin a tashi aka ce kowane fatoma ya faɗi baƙonsa. Haka tsarinmu yake: ɗan kasuwar da ke zuwa daga nesa ba ya neman wuri da bakinsa, mutumin da yake sauka gidansa shi ke tsaya masa, shi ke kafa masa rumfa. Na ce Ɗanlami na Kano, mai kayan shuni, gindin tsamiya, kamar yadda nake faɗa tun gemuna yana baƙi. Alhaji ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya ko na yi magana da shi. Na ce na yi magana da gidansa.

Wannan kaye da nake rubutu a ciki littafin makarantar 'yata Shatu ne, ta bar rabinsa ba rubutu da ta gama lakol. Ban san abin da ya sa na ɗauko shi ba.

Talata, da hantsi

Na kira wayar Ɗanlami. Babban ɗansa Yusuf ya ɗauka, kamar yadda yake ɗauka tun damina. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce Baba yana barci. Barci da hantsi, mutumin da in ya sauka gidana shi ke tashin zakara.

Na ce yaya jikin nasa. Ya ce da sauƙi.

Alhamis, bayan azahar

Yau na fara zuba toka a fili. Kowa ya tafi kasuwar Dole, daga ni sai awakin unguwa. Ina son filin nan in ba kowa, don a lokacin nake ganinsa cike. Ina tafe da ƙwaryar toka ina jan layi, sai in ji kamar mutane nake ratsawa, har in tsinci bakina yana cewa a gafarce ni. Masu turare da humra a bakin ƙofar gabas, iska ta ɗauki ƙanshin ta shiga da shi. Mu dukawa da majema can yamma, kowa ya san dalili. Masu kilishi da duk mai hura wuta nesa da tufafi. Mutanen Dogo da rakensu a gefe saboda ɓawo da ƙudan zuma. Matan Garagumsa masu man gyaɗa kusa da hanya, jarkokinsu da nauyi. Akwai kuma waɗanda ba a haɗa su layi ɗaya ko da iska ta yarda, saboda wata magana da ta shiga tsakanin iyayensu.

Na bar gindin tsamiya har ƙarshe. Itace ɗaya ne tak a filin, shuni kuwa ba ya son rana, shi ya sa tun farko aka ba Ɗanlami. Ƙusoshin da yake rataya turkuɗi, rinannun yadukansa, suna nan a jikin itacen, kewayen kowace akwai ɗan shuɗi da damina ba ta wanke ba.

Dokar reshe ba ta da wuya. Rumfar da aka buɗe fuwar ba mai ita a ciki ta fita hannunsa ke nan har abada, a ba wani. Rumfa ɗaya ce ake bari wofi da gangan, ta wanda ya rasu. A kafa ta, a shimfiɗa sabuwar tabarma, ba kaya ba kowa, duk mai wucewa ya ɗaga hannu ya yi masa fatiha, washegari a ba wani. Ni nake shimfiɗa tabarmar, yana cikin aikina. Na ja layin tsamiya da kauri na dawo gida.

Juma'a, da yamma

Na kira. Ya tafi masallaci, in ji Yusuf. Da sauƙi.

Lahadi, da hantsi

Munira ta zo har wurin sana'ata a unguwar Birni. Ita ce shugabar matan Mirriya masu ginin tukwane, mace ce da ba ta san kewaye-kewaye ba. Ta zauna a kan buhun fatu ba wanda ya ce ta zauna, ta ce shekara da shekaru ina ajiye su a tsakiyar rana, su da jarirai a baya, tukwane su yi zafi har mai saye ya kasa taɓawa. Bara ɗaya daga cikinsu ta suma a kan kayanta. Gindin tsamiya take so. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, shi ya sa raina ya ɓaci.

Na ce wurin yana da mai shi. Ta ce direbobin da ke zuwa Kano sun ce an daɗe ba a ga Bakanon a shagonsa ba. Na ce tun yaushe direba ya shiga komite. Ta miƙe ta kaɗe zaninta, ta ce, "Malam, ni ba mugun fata nake masa ba. Inuwa nake nema."

Bayan ta tafi na huda jaka a inda ba a hudawa. Jar fata mai kyau ta tafi a banza.

Litinin, bayan magariba

Matata Wasila ta share ɗakin baƙi, ta fitar da katifa rana, ta sa turaren wuta. Ban ce ta yi ba, ba ta kuma tambaye ni ba. Tun da aka kawo ta gidan nan take yin haka duk kaka.

Na zauna bakin ƙofar ɗakin ina shaƙar hayaƙin, sai ga Ɗanlami a idona yana dirowa daga bayan kamyo, babbar motar kaya, riga a tattare, hannuwa shuɗi har gwiwar hannu. Tun bai taka ƙasa ba yake cewa ina bawan nan nawa na Damagaram, a zo a ɗauki kayan ubangida. Ni kuma in ce jama'a a riƙe aljihu, Bakano ya sauka. Ya ce mu ne masu alwala da cokali saboda rashin ruwa, in ce su ne waɗanda ko sallama sai sun auna ta da kamu kafin su ba mutum. Haka za mu yi ta yi daga tasha har gida, 'yan kabu-kabu suna bin mu a hankali don su ji. Wasan Kanawa da Damagarawa ne, gadonsa muka yi, amma ni ban taɓa samun wanda ya iya zagina da daɗi kamarsa ba.

Zuwansa na farko ma da zagi muka fara. Yana saurayi, ya sauka ba shi da masauki, ya tsaya a gaban rumfar mahaifina yana juya wata jaka da na ɗinka, ya ce ɗinkin kamar na makaho amma zai saya don tausayi. Mahaifina ya yi dariya har ya ƙware, ya ce in ɗauki kayansa in kai gida. Daga ranar na zama fatoma, ban nema ba.

Bara kam. To, bara ya gaji da hanya.

Laraba, bayan la'asar

Taro a biro, ga zafi. An ɓata rabin yini a kan masu tallan magani da lasifika, ko a hana su ko a kai su bayan tankin ruwa. Aka koma kan baji, wai bana kowane mai rumfa ya rataya hotonsa a wuya, mutanen da muka san kakanninsu. Aka yi kukan baƙin Najeriya suna raguwa kowace shekara, hanya ta yi wuya, canji ya yi wuya, matasa sun koma talla a waya. Wani ya ce a gayyato makaɗa ko jama'a ta ƙaru, wani ya ce in aka kawo makaɗa shi zai kwashe kayansa. Ni dai ina kallon fankar sama da ba ta juyawa, muryoyin suna zuwa mini kamar daga ƙasan rijiya.

Da aka watse Alhaji ya riƙe ni. Ya ce Munira ta kai masa magana, kuma komite ba zai so a buɗe fuwar da rumfa wofi a inda kowa ke gani ba. Ya ba ni zuwa jajibiri. In baƙona bai sauka ba, in zo da kaina in faɗa da bakina cewa na saki wurin, don wurin baƙo fatomansa kaɗai ke iya sakinsa. In na ƙi, doka ta yi aikinta a gaban jama'a. A hankali ya faɗa, yana jan carbi, bai dube ni ba.

Alhamis, da safe

Na kira. Yana wanka. Da sauƙi.

Asabar, bayan sallar asuba

Bari in rubuta abin bara, ko ya bar ni in yi aiki.

Ɗanlami ya sauko daga mota a hankali. Na tare shi da a riƙe aljihu, sai ya cire takalmi, ya ɗan rusuna, ya ce ranka ya daɗe, mun same ku lafiya. Na yi dariya har na riƙe ciki, na ɗauka sabon salo ne, ina jiran inda zai sare ni. Muka taho har gida ina jira. Ya yi kwanakinsa yana yi mini godiya duk lokacin da na miƙa masa ruwa. Bakano yana gode wa Badamagare. Na yi ta tsokanarsa, har na fara wuce gona da iri, shi dai murmushi yake kamar mutumin da ake yi wa wani yare.

Wata rana kuma ya bar rumfa zai zo gida cin abinci, hanyar da yake bi ido rufe. Ba a gan shi ba sai la'asar, a kan duwatsun bayan Birni, yana zaune takalmansa a cinya. Ya ce gari yake kallo. Na ce ai garin ya fi naku kyau. Ya ce ƙwarai kuwa.

Wasila ce ta tayar da mutane nemansa a ranar, amma har yau ba mu taɓa maganar ba.

Litinin, da yamma

Mun kafa rumfar tsamiya ni da Alkasum mai kafin rumfuna, tun ba a kafa ko ɗaya ba. Ya ce me ya kawo gaggawa. Na ce dirkokin da suka fi kyau nake so kafin a wawashe. Muka ɗaura sabuwar zana, har yanzu tana ƙanshin daji.

Laraba, da hantsi

Jiya na yi abin da ko sabon shiga a reshen nan ba zai yi ba.

Na sayi sabuwar tabarma mai kauri, don Ɗanlami ya daɗe yana kukan baya. Na biya da ita fili in gwada ko ta cika rumfar. Na shimfiɗa, ta cika daidai. Na ce bari in ɗan zauna. Inuwa ta yi sanyi, ƙananan ganyen tsamiya suna sauka a kaina ɗaya-ɗaya, barci ya ɗauke ni. Na ga filin duka ya zama marina, kowace rumfa rami ce cike da baba, mutane suna tafiya a bakin ramukan suna ciniki ba murya. Turkuɗi yana rataye a kowane reshe yana ɗiga. Ɗanlami yana can ƙarshen fili, ya juya baya yana ninke zani, ina ta tafiya wurinsa layin tokar yana ƙara tsawo. Ban ji tsoro ba, daɗi ma nake ji, ina shirya zagin da zan yi masa in na isa.

Kiran sallar la'asar ya tashe ni. Na tafi masallaci da mafarkin a kaina, daga can na wuce gida. Tabarmar na bar ta a shimfiɗe, a rumfar da ba kaya ba kowa.

Kafin magariba aka fara sallama a ƙofar gida. Tsoho Hassan majemi ne na farko, da sandarsa, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce Allah ya jiƙan Bakanonka, mutum ne mai wasa. Bayansa masu turare, bayansu dukawa 'yan uwana, suka jeru a zaure suka ɗaga hannu. Mata suka shiga wurin Wasila. Ta fito tsakar gida da ludayi a hannu ta dube ni, irin kallon nan na ashe ka sani ka ɓoye mini. Na yi wa dattawa tsawa a zaurena, Allah ya yafe mini. Na ce ba wanda ya mutu, kowa ya sauke hannunsa.

Na hau kabu-kabu na koma fili. An share gaban rumfar, an yayyafa ruwa. Munira ce da matanta, sun zo duba wurinsu suka tarar. Tana tsaye nesa kaɗan, ta ce wallahi ba ta haka ta so inuwar ba. Na ce yana nan da ransa, mantuwa na yi. Sai ta ce, "Malam, yaushe rabonka da jin muryarsa?"

Na naɗe tabarmar na ɗora a ka, na dawo gida a ƙasa.

Alhamis, duk yini

Ban fita ba. Alkasum ya leƙo ya ce in kwantar da hankalina, wanda aka yi wa fatiha da ransa yakan daɗe a duniya. Na ce amin. Abin da ya tsaya mini a rai ba kunyar ba ce. Yadda ba wanda ya yi mamaki ne. Gari guda ya ga tabarma, ba mutum ɗaya da ya ce me ya same shi.

Wasila dai ta ƙara turare a ɗakin baƙi.

Juma'a, bayan masallaci

Na kira, na ce wa Yusuf yau ba zan kashe ba sai na ji ubansa, ko barci yake a kara masa wayar in ji minsharinsa. Ya fara ba ni haƙuri. Yana cikin magana sai na ji ta can baya, tsakanin kukan kaza da ƙarar turmi. Muryar Ɗanlami ce, ta ɗan dushe amma ita ce. Cewa yake, motar ta zo? Motar Damagaram ta zo? Yusuf ya ce mini, Baba zan kira ka, ya kashe.

Motar Damagaram yake tambaya. Na fita tsakar gida ba takalmi na gaya wa Wasila. Ta ajiye tsintsiya ta ce alhamdulillahi, amma ba ta yi murmushi ba, ita dama haka take. Na tafi har gidan Alhaji na ce masa na ji baƙona da kunnena yana neman mota. Ya ce madalla, Allah ya kawo shi lafiya.

Yau na ci tuwo har na nemi ƙari. Ina da zagi sabo guda uku da na tanada masa, ɗaya a kan barcin hantsi.

Lahadi, da azahar

Fili ya fara tashi. Dirkoki sun tsaya layi-layi a kan tokata, ana ta ɗaurin zana, ko'ina ƙanshin ciyawa. Gurup ya iso, aka gwada, fitilu suka kama da rana tsaka, aka manta ba a kashe ba. Na bi ƙarƙashinsu ina kallo, haskensu ba ya taɓa komai. Wani mai rake ya matsa cikin wurin mai zuma da kamu guda, na mayar da shi, ya ce ni azzalumi ne, na ce na sani. Matan Mirriya sun fara sauke tukwane a wurinsu na rana, suna jera su baki ƙasa a kan ƙaiƙayi. Na kewaye ta baya don kada mu haɗa ido da Munira.

An kawo baji, na karɓi na Ɗanlami. Tsohon hotonsa na katin ƙungiya suka sa, yana dariya, haƙorin Makka a waje.

Talata, da yamma

Duk ƙarar kamyo da na ji sai na ɗago. Na kira, ba a ɗauka ba. Wataƙila suna hanya.

Laraba, bayan la'asar

Motocin Kano sun fara sauka, ina tasha tun safe. Kowane fatoma ya ɗauki baƙonsa da dilolinsa ya wuce. Kanawan duk sun san ni. Suna gaishe ni da kyau, da kyau ƙwarai, suna tambayar iyali. In na ce Ɗanlami fa, sai su ce yana gaishe ka, su juya su kama kayansu. Wani mai takalma ya lura da tsayuwata, ya daure ya ce mini, Damagarawa, bana an samu ruwan wanka kuwa. Da tausayi ya faɗa. Gara da ya yi shiru.

Alhamis, da hantsi

Wasila ta jawo adakar da ke ƙarƙashin gado. Duk zuwan Ɗanlami da abin da yake ajiye mana, rawani gare ni, zani gare ta, ko rabi ba mu taɓa sawa ba. Ta ce mu rataya su a rumfar, ni in zauna a ciki, wa zai ce wofi ce. Muka shanya su a igiya su sha iska. Tsakar gida ta koma shuɗiya, har bango, har kajin da ke ratsawa. Na bi tsakaninsu a hankali suna taɓa fuskata. Ina iya faɗin shekarar kowanne. Wannan shekarar da aka haifi Shatu, wannan shekarar da ruwa ya makara ya ci rumfuna, wannan shekarar da mahaifiyata ta rasu ya bar ciniki ya zauna makoki da mu.

Na ce mata ba kaya doka ke nema ba, mai kaya take nema. Ta ce ta sani. Muka bar su a igiyar har rana ta juya, tafin hannuwanmu duk shuni.

Juma'a, jajibiri, bayan la'asar

Yusuf ya sauka da hantsi. Shi kaɗai, da 'yar jaka a kafaɗa, ba dila ko ɗaya. Bayan kowa ya fita na leƙa cikin motar, har kujerar gaba na duba. Ya tsaya ya bar ni na gama.

A zaure ya ƙi shan ruwa sai ya yi magana. Ya ce sun rufe shagon tun bayan babbar salla, shi aikin albashi yake, ƙannensa ba mai sha'awar shuni. Ya ce nauyi ne ya hana shi faɗa a waya, kuma mahaifiyarsu ta ce irin wannan magana ba a aika ta, da ƙafa ake kai ta. Baban nasu yana ci yana sha, yana salla in an tsayar da shi. Na ce to ai na ji shi da kunnena yana neman mota.

"Kullum ne, Baba," in ji shi. "Da ya idar da asuba sai ya ɗaure kayansa a zani ya zauna a soro, ya ce Damagaram za shi, ana jiransa. In muka ce wa ke jiranka, sai ya yi ta dubanmu. Sunan ba ya zuwa. Haka zai zauna har azahar, sannan mu kwance kayan."

Wasila tana bayan ƙyaure, na ji ta zauna a ƙasa.

Bayan masallaci na tafi biro. Komite duk suna nan. Ban zauna ba, na ce na saki wurin baƙona, Ɗanlami na Kano, gindin tsamiya. Alhaji ya cire tabarau ya tambaya a hankali ko a shimfiɗa tabarma gobe. Na ce a'a, yana da rai. Dokarmu ta tanadi abin da ake yi wa wanda ya zo da wanda ya rasu, ba ta tanadi wannan ba, sai suka yi ta kallon tebur. Na ce a ba matan Mirriya, su kwashe tukwanensu yau tun da sauran rana, kada gari ya waye rumfar tana wofi.

Munira ta tare ni a bakin fili tana so ta yi magana. Na ce ta yi sauri, rana tana tafiya. Na tsaya daga nesa har na ga sun shimfiɗa zani a inuwar sun kwantar da jariransu.

Asabar, da sassafe, a tasha

Daga nan ana jin lasifikar fili, Alhaji yana gwada murya. Yau za a fara buɗe fuwar ba ni, motar Kano muke jira ni da Yusuf. Na bar wa Alkasum ragowar rigingimu, ya ce ba zai iya ba, na ce ba wanda ya taɓa iyawa.

Jiya ina haɗa kaya wani abu ya faɗo mini. Duk shekarun nan shi ke zuwa. Fatoma zama yake ya jira, haka aikin yake. Ban taɓa ganin ƙofar gidansa ba, ban san ko gabas take kallo ko yamma ba. Yusuf ya ce kada in sa rai, mai yiwuwa ya gaishe ni kamar baƙo. Na ce ai ya riga ya yi mini wannan.

Ba gane ni nake so ya yi ba. Gobe da asuba in ya ɗaure kayansa ya zauna a soro, aka ce masa wa ke jiranka, ina so in kasance zaune kusa da shi in ce ni ne.